ZARE: Zaɓen da ya yaye ka shi ke kai ka rumfa, ko ya zaunar da kai gida. Darasi daga Daura

1/ A zaɓen shugaban ƙasa na 2019, Buhari shi kaɗai ya samu ƙuri'a miliyan 1.23 a Jihar Katsina. A 2023, in ka haɗa ƙuri'un Atiku da Tinubu da Kwankwaso da Obi da sauran 'yan takara gaba ɗaya, ba su kai wannan adadin ba. Alhali rajista ƙaruwa ta yi. Ina mutanen suka shiga? Ku biyo ni a hankali, zaren da ɗan tsawo.

2/ Amsar da aka saba ba mu ita ce, "yaran yanzu ba su damu ba, sai latsa waya." Ni dai ban gamsu ba. Abin da nake gani shi ne kowane zubi na mutane yana da zaɓen da ya yaye shi. Karatun da aka biya masa a wannan zaɓen shi yake maimaitawa har tsufa, ko na fita ne ko na zaman gida.

3/ Na zaɓi Daura saboda a nan abin ya fi fitowa fili. Masarauta ce mai ƙananan hukumomi 5: Daura, Baure, Zango, Sandamu da Mai'adua. A gida ɗaya za ka tarar da wanda ya yi zaɓen Sardauna, da wadda ta fara a zamanin Shagari, da ɗan "a kasa a tsare", da wanda bai taɓa shiga layi ba. Tukunya ɗaya, karatu daban-daban.

4/ Masana sun daɗe da lura da haka. Tun 1928 wani masanin zamantakewa, Karl Mannheim, ya rubuta cewa abin da ya girgiza mutum a farkon samartaka shi ke zama ma'aunin da yake auna duniya da shi. A 2004 Mark Franklin ya bi alƙaluman zaɓen ƙasashe da dama, ya ce zaɓuka ukun farko na mutum su ke kafa masa ɗabi'a.

5/ Wato in ka fita a karon farko da na biyu da na uku, da wuya ka daina. In ka ƙi fita a cikinsu, da wuya ka fara daga baya. Bahaushe ya riga su faɗa: icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. To bari mu bi zubin mutanen Daura ɗaya bayan ɗaya, mu ga wa ya tanƙwara kowa, kuma ta ina.

6/ ZUBI NA ƊAYA: 'yan 1959. Ranar 12 ga Disamba 1959 aka yi babban zaɓen da ya kai ƙasar ga 'yancin kai. A Arewa maza kaɗai ke zaɓe, kuma sai mai shekara 21. Duk wanda ya kaɗa ƙuri'a ranar, yau ya haura 85. Kusan kashi 90 cikin 100 na masu rajista a Arewa sun fita. Har yau ba a sake ganin irin haka ba.

7/ Kar ku yi saurin cewa mutanen da sun fi mu wayewa. Ku duba yadda tsarin yake. En'e ce ke riƙe da 'yan doka, da kotun alƙali, da gidan yari. Mai unguwa ke karɓar haraji, ya san kowane magidanci da sunan ubansa. In saƙo ya sauko daga hakimi zuwa dagaci cewa gobe zaɓe, to gobe zaɓe ne. Wa zai kwanta?

8/ Sarauta da NPC kuwa kusan a tabarma ɗaya suke zaune. Misali na kusa: Alhaji Muhammadu Bashar, kafin ya zama Sarkin Daura a 1966, yana Wamban Daura, kuma minista ne a gwamnatin Sardauna a Kaduna. Ga talaka a ƙauyen Baure, jefa takarda a akwati mai hoton fartanya wani reshe ne na biyayya ga na gaba.

9/ A ɗaya gefen ga NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, mai alamar tauraro da kirarin Sawaba. Zama ɗan NEPU a ƙasar sarakuna ba wasa ba ne: ɗauri, bulala, ƙarin haraji, wani ma a hana shi mata. Wanda ya sha wannan wuya don ƙuri'a, ba ruwan sama ba ne zai hana shi fita bayan shekara 40.

10/ Kun ga abin mamaki? Ɗan NPC ya koyi cewa zaɓe wajibi ne. Ɗan NEPU ya koyi cewa zaɓe jarumta ce. Dalilai biyu masu karo da juna, amma duk sun kai su rumfa ɗaya. Shi ya sa tsoffin da suka rage daga wannan zubin, ko a bayan babur za a tallabo su, sai sun zo.

11/ Sai 15 ga Janairu 1966, sojoji suka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa. Aka rufe shagon siyasa shekara 13. Yi lissafi: wanda aka haifa a 1945 ya cika 21 a shekarar juyin mulkin. Bai zaɓi shugaban ƙasa ko gwamna ba sai yana 34, da mata da 'ya'ya. Samartakarsa gaba ɗaya ta wuce ba akwati.

12/ ZUBI NA BIYU: 'yan 1979, kuma a nan iyayenmu mata suka shigo. Matan kudancin Nijeriya suna zaɓe tun shekarun 1950. Matan Arewa ba su samu dama ba sai 1976, lokacin gyaran ƙananan hukumomi, sannan tsarin mulkin 1979 ya tabbatar da ita, ya kuma sauko da shekarun zaɓe daga 21 zuwa 18.

13/ Ga wani abu da ba a cika faɗa ba. Tsallaka Kongolam kaɗan, ka shiga ƙasar Damagaram. Dokar Faransa ta 1956 ta ba kowane baligi, mace da namiji, damar zaɓe a ƙasashen da take mulka. Wato Bahaushiya a Matameye ta riga 'yar uwarta ta Mai'adua samun ƙuri'a da shekara 20. Dangi ɗaya, harshe ɗaya, iyaka ce kawai a tsakani.

14/ Kuma ba kyauta aka ba su ba. Irin su Hajiya Gambo Sawaba sun sha duka da ɗauri a kan wannan magana tun zamanin NEPU. Kakata ta haura 40 kafin ta fara dangwala yatsa. Har ta rasu, katin zaɓenta a cikin adaka yake, tare da zinarinta. Abin da aka hana ka ka samu da girma, ba ka wasa da shi.

15/ Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar zaɓe a ƙasar Daura ya san layin mata. Tun da sassafe suke cika, da goyo, da tabarma, da kwanon fura. Ana yawan cewa taliya da sabulu ne. Akwai wannan, ba musu. Amma su waɗannan matan uwayensu ne suka fara kama hannunsu zuwa rumfa, uwayen da suka san zamanin da ba a ƙirga su.

16/ A 1979 Daura tana cikin tsohuwar Jihar Kaduna, don sai 23 ga Satumba 1987 aka yanke Katsina. Kujerar gwamna ta zama karo tsakanin Lawal Kaita na NPN, mai gida da masara, da Abdulƙadir Balarabe Musa na PRP, mai mabuɗi. Balarabe ya ci. Yana hawa ya soke haraji da jangali, kamar yadda Abubakar Rimi ya yi a Kano.

17/ Mu da ba mu san haraji ba, ba za mu gane nauyin wannan ba. Kuɗi ne a kan kowane baligi namiji, ko damina ta yi ko ba ta yi ba. Mutum ya sayar da akuya, ya sayar da hatsin ci, wani ya gudu ya bar gari. Jangali kuma a kan kowace saniya. An kaɗa ƙuri'a a Yuli, kafin shekara ta fita an daina bi gida-gida.

18/ Wannan shi ne darasi mafi ƙarfi da ƙuri'a ta taɓa koya wa talakan ƙasar nan: na dangwala, na gani a aljihuna. Ko PRP ka yi ko NPN, gani ya kori ji. Ɗan shekara 18 a lokacin an haife shi a 1961, yau ya haura 60. Je ka kowace rumfa, su ne a sahun gaba, su ne wakilan jam'iyya, su ne masu raba gardama.

19/ Amma su ma sun ga ɗaya fuskar. Majalisar jiha mai rinjayen NPN ta ƙi amince wa Balarabe kwamishinoni, ta tsige shi a Yuni 1981. Abba Musa Rimi ya ƙarasa. Lawal Kaita ya ci a 1983, ya yi wata 3 kacal. Daren 31 ga Disamba 1983 sojoji suka dawo. Shugaban da suka naɗa? Manjo Janar Muhammadu Buhari, ɗan Daura.

20/ Ku riƙe wannan, don tarihi yana da ban dariya. Mutumin da gwamnatinsa ta rufe akwatin zaɓe a 1983 shi ne wanda daga baya ya fi kowa cika layin zaɓe a Arewa. Za mu dawo kansa. Yanzu mu duba yaran da suka balaga bayan an rufe akwatin.

21/ ZUBI NA UKU: 'yan wasan Babangida da Abacha, haihuwar 1966 zuwa wajen 1980. Su kam sun yi zaɓe, har ya yi yawa. Na ƙananan hukumomi a 1987 da 1990, na gwamna a 1991, na majalisa a 1992. Jam'iyyu biyu da gwamnati ta ƙera da hannunta, SDP da NRC. Salon kuma ƙato bayan ƙato: ka tsaya bayan hoton ɗan takara a ƙirga ka.

22/ Yi tunanin ƙato bayan ƙato a ƙauye. Surukinka yana kallo, dagaci yana kallo, wanda ya ranta maka taki yana kallo. A haka Saidu Barda na NRC ya kayar da Umaru Musa 'Yar'aduwa na SDP a Disamba 1991, ya zama zaɓaɓɓen gwamnan Katsina na farko. Bai cika shekara 2 ba Abacha ya rushe komai a Nuwamba 1993.

23/ Tsakanin nan ga 12 ga Yuni 1993, Abiola da Bashir Tofa. Wajen mutum miliyan 14 suka fita daga rajistar miliyan 39. Aka soke zaɓen. Sai zamanin tazarce, jam'iyyu 5 duk suka tsayar da Abacha. Wanda aka haifa a 1966 bai ga ƙuri'arsa ta shugaban ƙasa ta haifi shugaba ba sai 1999, yana 33.

24/ Me wannan zubin ya koya? Cewa zaɓe wasa ne da mai bindiga ke busa wa usur, ya tsayar lokacin da ya ga dama. Daga bakinsu ne muka gaji maganar nan ta "ai an riga an rubuta." Ba don lalaci suke faɗa ba, sun gani ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

25/ Da an bar su haka, da su ne zubin da ya fi kowa zaman gida. Abin da ya dawo da su rumfa shi ne abin da ya yaye ƙannensu. ZUBI NA HUƊU: 'yan guguwa, haihuwar wajen 1981 zuwa 1997. A 2002 Buhari ya karɓi katin jam'iyyar APP, wadda ta koma ANPP. Siyasar Daura ta canza daga ranar.

26/ Yaran wannan zubin ba su san Buharin 1984 ba, na bulala da layi. Buharin PTF suka sani, na zamanin Abacha: titi, magani a asibiti, kayan karatu masu tambari. Daga nan sunan Mai Gaskiya ya kama. Ya tsaya a 2003 ya samu miliyan 12.7, a 2007 miliyan 6.6, a 2011 ƙarƙashin CPC mai alƙalami miliyan 12.2. Duk aka ce ya faɗi.

27/ A ƙa'ida, faɗuwa sau uku tana kashe gwiwa. A nan ƙara wuta ta yi, domin magoya baya ba su ɗauke ta faɗuwa ba, fashi suka ɗauke ta. Kuma suna da hujja: a 2007, da aka kara tsakanin Katsinawa biyu, 'Yar'aduwa da kansa ya amsa ranar rantsuwa cewa zaɓen yana da naƙasu. Kotun Ƙoli ma 4 da 3 ta rabu.

28/ Nan aka haifi "a kasa, a tsare, a raka." Ka kaɗa, ka tsaya a ƙirga a gabanka, ka bi akwati har wurin tattarawa. Samari suna kwana a rumfa da tocila. Zaɓe ya tashi daga aikin minti 10 ya koma aikin kwana guda tare da abokai. Irin wannan ranar ba ta fita daga ƙwaƙwalwar saurayi.

29/ Akwai baƙin shafi, dole a faɗa. Bayan sakamakon Afrilu 2011 rikici ya ɓarke a jihohin Arewa. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta mutum sama da 800 suka mutu cikin kwana 3, har da masu yi wa ƙasa hidima. Zafin da ke kai mutum rumfa, in bai samu mafita ba, gidan maƙwabci yake ƙonawa. Allah Ya kiyaye gaba.

30/ Sai 28 ga Maris 2015, bayan ɗage zaɓen da mako 6. Jega, na'urar tantance kati, tsintsiya. Talakawa suna sayen kati don tara wa ɗan takara kuɗi, abin da aka saba gani a juye. Katsina ta ba Buhari miliyan 1.34, Jonathan bai kai dubu 100 ba. Karon farko a tarihin ƙasar da aka kayar da shugaba mai ci da ƙuri'a.

31/ Ga ɗan Daura mai shekara 18 a ranar, wannan ya wuce labarin rediyo. Mutumin da ke zaɓe a mazaɓar Sarkin Yara, wanda ake gani a filin idi, shi ne shugaban ƙasa, kuma da yatsanka a ciki. Wannan zubin ya samu irin abin da 'yan 1979 suka samu: shaida da ido cewa ƙuri'a tana aiki.

32/ Amma akwai tsaga a ginin. 'Yan 1979 sun ɗaura ƙuri'arsu a kan abu: haraji. 'Yan guguwa sun ɗaura tasu a kan mutum. Kun tuna "sak"? Daga sama har ƙasa, ba sai ka san sunan ɗan majalisarka ba. Mutane da yawa ba zaɓe suka koya ba, zaɓen Buhari suka koya. Ranar da sunan ya bar takarda, me ya rage?

33/ Alƙaluma sun ba da amsa. Katsina a 2015 da 2019, kusan rabin masu rajista sun fita. A 2023 rajista ta kai miliyan 3.5, amma waɗanda suka fita zaɓen shugaban ƙasa ba su kai ɗaya cikin uku ba. Atiku dubu 489, Tinubu dubu 482. PDP ta ci jihar shugaba mai ci, duk da ya ɗaga takardarsa a rumfa ya nuna wa duniya wanda ya zaɓa.

34/ Wani zai ce BVAS ce ta rage aringizo. Gaskiya ne, da nata. Kashi 69 da aka ce sun fita a faɗin ƙasa a 2003 ba abin rantsuwa ba ne. Daga nan 57 a 2007, 54 a 2011, 44 a 2015, 35 a 2019, 27 a 2023. Wani ɓangare na gangarowar nan matattu ne da 'yan aljanu suka daina zaɓe.

35/ Amma ga abin lura. Mako 3 bayan nan, ranar 18 ga Maris, da BVAS ɗin dai, aka yi zaɓen gwamna. Dikko Raɗɗa dubu 859, Yakubu Lado dubu 486. Sama da miliyan 1.3 kenan, ya fi na shugaban ƙasa nesa. Na'ura ɗaya, jiha ɗaya. Inda mutane suka ji abin ya shafe su, kuma aka bi su har gida, sun fita.

36/ ZUBI NA BIYAR: haihuwar 1998 zuwa 2005, mafi yawan masu karanta wannan zaren. Ba ku ga soja a kan mulki ba. Ba ku ga haraji ba. Ba a taɓa hana ku ƙuri'a ba. A wurinku zaɓe kamar damina ne, lokacinsa ya yi ya zo. Kuma kun balaga ne a lokacin da "namu" ke kan kujera.

37/ Me kuka gani? A faɗi alheri: kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a Daura, jami'ar sufuri, asibitin sojojin sama, aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da ya ratsa ta nan. Ba ƙaramin abu ba ne. Amma gini yana ɗaukar shekaru kafin ya taɓa aljihun saurayi. Abin da ya taɓa shi nan take daban ne.

38/ Agusta 2019 aka rufe iyakoki, har Disamba 2020. A Abuja magana ce ta shinkafa. A Mai'adua da Kongolam da Zango da Baure magana ce ta abinci: ɗan acaɓa, ɗan dako, direba, dillalin shanu, mai shayi a tasha. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 aka sake rufewa har Maris 2024. Saurayin kan iyaka ya sha biyu.

39/ Ranar 1 ga Mayu 2019 'yan bindiga suka ɗauke Magajin Garin Daura, Alhaji Musa Umar, a ƙofar gidansa, ya yi wata 2 a hannunsu. Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara, shugaban ƙasa yana hutu a Daura. Yajin aikin ASUU wata 9 a 2020, wata 8 a 2022. Sai ƙarancin takardun kuɗi ana saura kwanaki zaɓe.

40/ To yaron da ya ga yayyensa sun kwana a rumfa, sun ci zaɓe da gagarumin rinjaye, ɗan garinsu ya hau, sannan ya ga wannan, wane karatu ya ɗauka? "In wannan bai canza ba, wanne zai canza?" Ya fi "an riga an rubuta" ciwo. Wancan yana zargin alƙalin wasa ne. Wannan yana shakkar wasan kansa.

41/ Ba mu kaɗai ba ne. A Afirka ta Kudu, waɗanda suka yi dogon layin 1994 don zaɓen Mandela sun riƙe ɗabi'ar. A 1999 kashi 89 na masu rajista suka fita, a 2024 bai kai 59 ba, kuma 'ya'yan da aka haifa bayan wariyar launin fata su suka fi ja da baya. Binciken Afrobarometer ma yana nuna matasan Afirka ba su kai manya fita ba.

42/ A yi adalci, akwai cikas na zahiri. Tsoho yana inda ya yi rajista. Saurayi yana Legas ko Fatakwal ko Abuja ci-rani, katinsa na Sandamu, ranar zaɓe an hana zirga-zirga, kuɗin mota babu. Kuma a ko'ina a duniya matashi bai kai magidanci fita ba. Da yawa za su fara in sun yi aure sun zauna wuri ɗaya.

43/ Abin tsoron shi ne lissafin Franklin da na faɗa a sama. Wanda ya tsallake 2019, ya tsallake 2023, in ya tsallake 2027, ukun farkonsa sun tafi. Icce ya bushe. Tsoffin 1959 suna ƙarewa, 'yan 1979 suna bin su. Duk wanda ya tafi daga cikinsu mai fita ne, wanda ke maye gurbinsa kuma bai saba ba.

44/ Kuma matasan nan ba barci suke ba. Su suka cika rajista: INEC ta ce 'yan 18 zuwa 34 su ne kusan kashi 40 na masu kati a 2023. Su suka fito zanga-zangar tsadar rayuwa a Agusta 2024, har a Daura. Suna da zafi, suna da ra'ayi. Akwatin ne kawai bai taɓa nuna musu amfaninsa ba.

45/ Ga inda abin ke cizo. Ɗan siyasa ba ya karanta rajista, sakamakon rumfa yake karantawa. Ya san unguwar da ta fita da wadda ta kwanta, ya san tsofaffi da mata ne ke zuwa. Can zai kai taki da atamfa. Aikin yi, kuɗin makaranta, buɗe iyaka, waɗannan buƙatun waɗanda ba sa zuwa ne, sai su jira.

46/ Sannan in fita ta yi ƙasa, ƙuri'a tana araha. Rumfa mai mutum 700, in 600 suka fito, wa zai iya sayen su? In 150 suka fito, katan ɗin taliya kaɗan ya gama magana. Tinubu ya zama shugaban ƙasa da ƙuri'a miliyan 8.8 daga rajistar miliyan 93. Bai kai ɗaya cikin goma ba. Zaman gidanmu ma ƙuri'a ce, wani ke cin ribarta.

47/ Buhari ya rasu a Landan ranar 13 ga Yuli 2025, aka binne shi a gidansa na Daura bayan kwana 2. Allah Ya jiƙansa. Zaɓen 2027 shi ne na farko tun 2003 da babu shi a takarda, babu shi a dandamali. Babu wanda zai ɗaga hannun wani a ce sak. Daura za ta yi zaɓe ba jagora, karon farko cikin shekara 24.

48/ Kuma a wannan zaɓen ne haihuwar 2008 za su fara. Suna 'yan shekara 6 ko 7 aka rantsar da Buhari. Sun balaga da cire tallafin mai da tsadar mudu. Allonsu bai cika ba tukuna. Abin da suka gani ranar, da wanda ya raka su, ko wanda ya ce musu "ɓata lokaci ne," shi za su riƙe har 2070.

49/ Ni shawarata ba "ku fito ku ceci ƙasa" ba ce, an faɗa mana wannan ya isa. Ku yi irin na 'yan 1979: ku ɗaura ƙuri'a a kan abu ɗaya da za a iya gani a ƙirga. Asibitin mazaɓarku, makarantar da rufinta ya yaye, hanyar kasuwa. Ku fara da kujerar da kuka san gidan mai ita: ɗan majalisar jiha, na tarayya.

50/ Dokar da aka sa wa hannu a Mayu 2018 ta sauko da shekarun takarar waɗannan kujeru biyu zuwa 25. Wato sa'anku zai iya tsayawa. In katinka na gida ne kai kuma kana wani gari, INEC tana mayar da rajista in an buɗe. In kana da ƙane ko ƙanwa da za su fara, ka tafi da su, ku tsaya har a ƙirga.

51/ Kafin nan, ga ɗan aiki. Yau da dare ka tambayi mafi tsufa a gidanku: wane zaɓe kika fara, Hajiya? Baba, wa ka zaɓa, me ya biyo baya? Za ka ji tarihin da babu shi a littafin makaranta. Ku ajiye min a ƙasa: shekarar zaɓenku na farko, garinku, da ko kun sake fita bayansa. 'Yan Baure da Zango, ina jiran ku.